Hutu a Cikin Marka: Daga Wurma Zuwa Bakin Zobe

  Ina gaida mutanen Wurma da Birchi da Tsauri da Rawayau da Barkiya, da na cikin garin Kurfi, da na Dutsin-Ma da Karofi da Makera, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a shago ko a kan hanya. Yaya ruwa? Na san amsar da za ku ba ni: ruwa ya yi gyara. Allah ya kai mu kaka lafiya, ya sa wa amfanin bana albarka.

Sharhinmu na yau a kan rana guda ne. Ranar da mutum yake hutu, ya taso daga birni ya zo gida, yana da niyyar ya fita ya sha iska, ya je bakin ruwa ya ba idonsa abinci, sai gari ya waye da hadari, ruwa ya sauko ya ƙi ɗaukewa.

Wannan rana ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin dogon hutun makaranta a ƙasar nan kullum a tsakiyar damina yake faɗawa. Ana rufe makarantu wajen ƙarshen Yuli, ba a komawa sai Satumba, watan Agusta kuwa shi ne cibiyar marka. A lokacin ne 'yan'uwanmu da ke aiki a Katsina da Kano da Kaduna da Abuja suke turo yara gida wajen kakanni, wasu su zo da kansu su yi kwana biyu. A shekarun baya ma Babbar Sallah ta daɗe tana zuwa cikin ruwa: a 2019 ranar 11 ga Agusta aka yi ta, a 2020 kuma ranar 31 ga Yuli, kuma kowa zai tuna yadda aka riƙa suyar nama a cikin zaure ana tare hayaƙi da mafici.

A irin wannan rana za ka ji saurayi ɗan birni a bakin zaure yana tsaki, yana cewa, "Kawu, wannan ruwan ya ɓata mana rana." Kawun nasa, wanda shekaranjiya ya zuba takin kamfa da ya ciwo bashi ya saya, tun lokacin kuma idonsa yana gabas, sai ya ce, "A'a ɗana, bar faɗin haka. Ruwa ba ya ɓata rana."

Ni ina tare da kawu. Amma yaron nan ma yana da tasa gaskiyar, kuma ita nake so mu saurara. Abin da yake nufi shi ne, idan ruwa ya sauko babu inda za shi. Ina ganin kuma duk garin da ke son baƙo, ranar ruwa ake gane shirinsa. Ranar da rana take haske, inuwar kuka ma masauki ce. Ranar ruwa ce ake tambaya: ina rufi, ina hanya, ina abinci mai zafi, ina aminci?

Bari mu fara duba yadda garuruwan bakin teku suke yi da irin wannan rana, ko da yake mu nan teku ya yi mana nisa. Daga Katsina zuwa Legas ya haura kilomita 1,000 a mota. Duk da haka ruwan da ke sauka a kan rufinmu can yake dosa. Ƙoramun yankin nan suna zuba a manyan gulabe, Karaduwa ta bi ta Bunsuru ta shiga Rima, Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato, su gangara ta ƙasar Kebbi su faɗa kogin Kwara, shi kuma ya kai kayan har tekun Atlantika. 'Yan'uwanmu da suka je neman kuɗi kurmi sun san ƙananan garuruwan bakin teku, irin su Badagry da ke kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Mai zuwa Badagry yawon buɗe ido yakan so ya hau kwale-kwale ya haye zuwa tsibirin Gberefu, ya taka hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa bakin jiragen Turawa, cikinsu har da mutanen ƙasar Hausa da aka kai Birazil. To idan ruwa ya tsuge, hayewar ba ta yiwuwa, amma garin yana da inda zai sa baƙo: akwai gidajen adana kayan tarihin cinikin bayi, akwai tsohon benen da 'yan mishan suka gina a 1845. Su suna kiransa bene na farko a Najeriya; mu da muka tashi muna ganin hasumiyar Gobarau muna da ja a kan wannan, amma dole mu yaba musu da suka riƙe ginin suka mai da shi wurin zuwa. Ruwan Legas ya ninka na Katsina fiye da sau biyu a shekara. Abin sha'awa shi ne, a Agusta, lokacin da mu muke cikin marka, su ruwan yakan ɗan tsagaita musu.

Akwai wani gari kuma a Ingila da labarinsa ya taɓa mu ta wata hanya. Sunansa Blackpool, a bakin teku yake, ba nisa sosai da Manchester. Ƙauye ne a da. Jirgin ƙasa ya iso shi a 1846, sai ma'aikatan masaƙun auduga na wannan yanki suka fara zuwa hutu: a rufe masaƙa mako guda, gari guda ya kwashe ya tafi bakin teku. Daga baya wani sashe na audugar da waɗannan masaƙu suke sarrafawa daga ƙasarmu yake tafiya, domin ƙungiyar Turawan auduga da aka kafa a Manchester a 1902 ita ce ta zo ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Ingila ƙasar ruwa ce, ko da bazararsu sai a kwana uku ana yayyafi. Mutanen Blackpool suka lura cewa leburan da ya tara kuɗin shekara ya zo hutu, idan ruwa ya kore shi sau ɗaya, baɗi wani gari za shi. Sai suka yi rufi. A 1878 suka buɗe wani katafaren wurin shaƙatawa mai rufin gilashi, a 1894 suka buɗe doguwar hasumiyar ƙarfe da manyan ɗakunan taro a ƙarƙashinta. Ba su iya hana ruwa sauka ba, amma sun hana shi korar baƙo. Abin da na ɗauko daga labarinsu ke nan, ba irin nishaɗin da suke yi a ciki ba, wanda nasu ne daidai da al'adarsu.

Yanzu mu dawo gida, mu dubi ranar marka a Wurma yadda take.

Tun asuba ake gane ta. An fito daga masallaci gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi tana kaɗawa, kaji sun ƙi sauka daga akurki. Idan hadari ne mai tafiya, zai zo da iska da tsawa, ya zuba kamar da bakin ƙwarya, cikin awa guda ya wuce, rana ta fito, kowa ya ɗauki fartanya. Marka ba haka take ba. A hankali take farawa, ba hayaniya, sama ta yi fari fat, yayyafi ya yi ta sauka har azahar, wani lokaci har la'asar, wani lokaci a kwana ana yi. Manomi ya leƙo ya duba, ya san yau ba noma, domin ciyawar da aka nome cikin ruwa komawa take ta kama ƙasa, ƙasar kuma ta manne wa fartanya. Sai ya jingine ta. A duk tsawon damina, daga shuka zuwa noman fari zuwa maimai zuwa huɗa, wannan ce ranar hutun da manomi yake samu ba tare da zuciyarsa tana ce masa ya yi lalaci ba. Ma'aikacin gwamnati yana da Asabar da Lahadi. Manomi yana da Juma'a rabin yini, sai kuma ranar marka.

Shi ya sa nake cewa ɗan birnin da ya zo hutu, ranar ruwa ce ranar sa'arsa. Sauran ranaku duk gidan a gona yake. Kafin ya tashi daga barci an fita, kafin a dawo an gaji tiɓis, ba mai bakin hira. Yau kuwa kowa yana gida. Zaure ya cika. An shimfiɗa buzu da tabarma, an tona gurabun dara a ƙasa, dattawa biyu sun sa juna gaba, 'yan kallo sun fi masu wasan zafi. Wani yana gyaran igiyar shanu, wani yana ɗaure ƙotar gatari, wani yana tufka. A nan ake jin labarin shekarun fari na 1973 da 1984 daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, lokacin da aka yi ta fita roƙon ruwa sama tana nan wayam. Yaron da ya saurari wannan labari yayin da indararo yake zuba a bayansa, ba zai ƙara yin tsaki don an yi ruwa ba. A nan ake jin wa ya haifi wa, gonar wa ce ta yi iyaka da ta wa, ta ina aka bi aka zo aka zauna a garin. Babu makarantar da ke koyar da wannan, kuma masu saninsa kullum raguwa suke yi.

A cikin gida kuma kaka ta tara jikoki a ɗakinta. Ta ce wa namijin, "Maigida, zo nan kusa, ko ka manta da ni ne tun da ka shiga birni?" Ta ce wa macen, "Ke kuma kishiya, matsa can." A yi dariya, a jawo kasko mai garwashi, a ɗora masara sabuwar karya tana fashewa. In an yi sa'a akwai dafaffiyar gyaɗa, in marka ta kai ƙarshen Agusta har tumu ana samu. 'Yan mata su zube tsakuwa su yi carafke. Tatsuniya dai da dare aka san ta, amma kacici-kacici ba shi da lokaci. Da rana a kwaɗa rama ko tafasa ko zogale da ƙuli-ƙuli, a dama kunun tsamiya mai zafi, ko a jefa ɗanwake. Duk abin da ake ci a wannan rana, in ban da gishiri da mai, daga bayan gida ko gonar gidan ya fito, kuma ya kamata a gaya wa yaran haka su sani.

Sai dai kada mu yi wa ranar ado fiye da kima. Hutun nan na maza ne da yara. Ga uwargida, ranar marka ta fi kowace rana wuya. Itace ya jiƙe, murhu yana tsakar gida ruwa ya cika shi, sai an ja tukunya zuwa rumfa ko cikin ɗaki, hayaƙi yana cin ido. Wankin jarirai ya ƙi bushewa. Ita ce mai jera bokiti da baho a ƙarƙashin indararo tana cika randa, ita ce mai tara kwano a inda ɗaki yake yoyo, ita ce mai kora awaki daga bakin rumbu. Ga baƙi sun ƙaru, baki ya yi yawa, alhali Agusta wata ne da rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, tiya ta yi tsada a kasuwa. Don haka mai turo yara hutu ƙauye a wannan lokaci, ya haɗo su da ɗan buhun shinkafa ko masara da galan na mai. Kada ya ce ai gida ne. Gida ne, amma gidan yana cikin watan da ya fi kowane wata matsi. Kai kuma saurayin da ke zaure, tashi ka shiga ka ce, "Inna, me zan kama miki?" Ka faskara itacen da ke rumfa, ka ɗauke mata bokiti. Maigida kuma tun rani ya kamata ya yi wa murhu rumfa ya tanadi busasshen itace.

Akwai kuma fargabar da mai ɗakin ƙasa ne kaɗai ya san ta. Ruwan kwana biyu yana jiƙa katanga har gindi, soron da ba a yi wa yaɓe da rani ba ya fara ɗiga, azara ta yi nauyi. Kowace damina sai mun ji ɗaki ya rufta wa mutane cikin dare. Idan bango ya tsage ko ya fara kumbura, a kwashe yara a kai su ɗakin maƙwabta, ba abin kunya ba ne.

Idan magariba ta yi ruwa bai ɗauke ba, liman ya haɗa Magariba da Isha'i, kamar yadda malamanmu na mazhabar Malikiyya suka yi sauƙi, don kada mutane su sake fitowa cikin duhu da taɓo. Kowa ya koma gida da wuri, kwaɗi su karɓi gari.

To wannan ita ce ranar a cikin gida, kuma tana da daɗinta. Amma yaron nan da ya yi tsaki, niyyarsa ya ga ruwa ne, babban ruwa, irin wanda ido ba ya ganin ƙarshensa sosai. Muna da shi kuwa. Kudu da Dutsin-Ma ga madatsar ruwa ta Zobe a kan gulbin Karaduwa. An kammala ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, shekara huɗu kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Bangonta na ƙasa ne, tsawonsa ya kusa kilomita 3, tsayinsa wajen mita 19, kuma tana iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 170. Tana ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. An gina ta ne don ta shayar da birnin Katsina da garuruwan da ke kan hanya, ta kuma ba da ruwan noman rani ga kimanin hekta 8,000. Sai aka bar ta tana kwance. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama ta ya girma ya yi aure ya aurar, kafin a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe kashin farko na aikin tura ruwan sha. Shekara 38 ke nan. Wannan jinkiri yana yi mini ciwo duk sa'ad da na tuna matan da suka tsufa suna jan guga ga ruwa kwance a gefensu.

A duk waɗannan shekaru, masu amfani da Zobe na haƙiƙa su ne talakawan bakinta: masunta da kwale-kwalensu da taru da birgi da ƙugiya, masu noman rani da suka sayi injin ban ruwa da kuɗinsu suna fitar da tumatir da albasa da tattasai, makiyaya masu shayar da dabbobi, da mata masu suyar karfasa da tarwaɗa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin dam da marka ya san abin kallo ne. Ruwa ya cika ya haura inda aka yi lambu da rani, launinsa ya koma ja saboda ƙasar da ƙoramu suka kwaso, tsallaken ya ɓace cikin yayyafi, balbelu sun jeru a kan itatuwan da ruwa ya ci rabinsu. Masunta suna cewa lokacin sabon ruwa kifi yake hawa ƙoramu don ya yi ƙwai, shi ya sa masu hankali a cikinsu ba sa son a zuba taru mai ƙananan ido a wannan lokaci. Yaron da ke karanta kimiyyar halittu a Kaduna, awa guda tare da Sarkin Ruwa za ta buɗe masa abin da zangon karatu bai buɗe masa ba.

Amma a ina zai tsaya ya yi wannan kallo? A nan maganar take. Magidanci ya ɗauko iyalinsa daga Wurma ko Kurfi, ya bi ta Dutsin-Ma, ya sauka daga kwalta ya shiga hanyar da ruwa ya cinye, ya iso bakin ruwa, sai yayyafi ya dawo. Yana buƙatar rumfa mai ƙarfi da benci, da wurin da mata za su zauna a sake, da makewayi mai tsabta, da ɗan wurin salla, da mai shayi da mai kifi a kusa. Abin da nake roƙo ke nan, kuma bai kai kuɗin kwalbati biyu ba. Ba na kiran a gina otal mai hawa biyar, kuma ba na so a kori masunta da masu suya don a kawata wuri. Su ne ma za su riƙe shi, su ne za su ci ribarsa. Dutsin-Ma a yau gari ne na ɗalibai: ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Dubban matasa daga jihohi daban-daban suna zaune a garin, da malamansu da iyalansu, kuma duk suna neman inda za su je ranar Asabar. Kasuwa tana nan tana jira. Ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, da hukumar da ke kula da dam, da masu riƙe da sarautun gargajiya, Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi, idan suka zauna wuri ɗaya, wannan ba abin da zai gagare su ba ne.

Kafin rumfa kuwa, akwai maganar rai. Ruwan damina ba abokin wasa ba ne. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, kwale-kwale ya kife da mutanen da suka taso daga Badau, fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Lodi ya yi yawa, rigar ruwa babu. Allah ya jiƙansu. Wannan ma ba cikin damina ba ne, ina ga lokacin da dam ya cika iska tana tada igiya? A Jibiya kuma, a watan Yulin 2018, ruwan dare guda ya tafi da mutane fiye da 40. Saboda haka duk kwale-kwalen da zai ɗauki fasinja a Zobe, a san adadin da yake ɗauka a rubuta a jikinsa, kowa ya sa rigar ruwa, kuma Sarkin Ruwa ya sami ikon cewa yau ba a shiga, maganarsa ta zauna. Idan ana walƙiya a fita daga ruwa, a nisanci doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili. Yaran birni da ba su iya iyo ba su ne suka fi saurin faɗawa kududdufi don sun ga 'yan gari suna tsalle a ciki. A sa musu ido. Ruwan da ke kwance yana kawo tsargiya, yaro ya koma makaranta yana fitsarin jini iyaye su rasa daga ina. Ga sauro ya yi yawa: a kwana cikin gidan sauro, kuma idan ma'aikatan lafiya sun zo gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi da ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata a damina, a fito har da baƙin yara, a kuma cika kwanakin shan maganin.

Na san akwai mai saurare a Wurma da ke cewa a ransa, "Malam, kana maganar shan iska, mu da barci ma da ido ɗaya muke yi?" Gaskiyarka, kuma ba zan tsallake wannan ba. Mutanen Wurma sun ga tashin hankali a hannun 'yan bindiga, an shiga gari cikin dare, an kwashi mata da yara, an kora dabbobi. Haka ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari da Ɗanmusa, duk masu maƙwabtaka da dajin Rugu. A Satumbar 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki. A damina abin ya fi tsanani, domin dawa da gero sun yi tsawo sun zama maɓoya, hanyoyi sun lalace, motar jami'an tsaro ba ta isa da wuri, ƙarar ruwa a kan kwano kuma tana hana a ji motsi. Iyaye da yawa a birni sun daina turo yara hutu saboda wannan, kuma ba wanda zai zarge su. Akwai jikokin da suka kai shekara goma ba su taɓa kwana a ɗakin kakarsu ba, ta waya kawai suka san muryarta. Wannan asara ce da ba a lissafa ta cikin adadin shanun da aka sace, amma gari yana jin ta a jikinsa. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, 'ya'yanmu ne a ciki, wasunsu sun ba da rayukansu. Muna yi musu addu'a. Ni dai ma'aunin da zan auna zaman lafiya da shi mai sauƙi ne: ranar da ma'aikaci a Abuja zai sa 'ya'yansa a mota a watan Agusta ya ce a kai su Wurma, ya kwanta ya yi barci, kuma kawunsu ya ɗauke su ya kai su bakin Zobe su dawo bayan la'asar ba wanda gabansa ya faɗi. Har sai an kai nan, aikin bai ƙare ba, kuma duk mai niyyar zuwa bakin dam ya fara tambayar mutanen wurin halin da hanya take ciki, ya je da rana ya dawo da rana.

Saura magana ɗaya ga baƙin da za su koma. Idan ruwa ya ɗauke, kada a yi gaggawar kama hanya. Ƙoramar da ka tsallake da safe ƙafa ba ta jiƙe ba, bayan marka tana iya ɗauke babur da mai shi, domin ruwan da aka yi a can sama sai daga baya yake isowa, ko da a inda kake sama ta washe. Ɗan acaɓan garin ya san kowace mashiga. Idan ya ce, "Alhaji, a dakata ruwa ya janye," a dakata, ko da za a ƙara kwana. Direba kuma kada ya sa mota a kan kwalbatin da ruwa ya rufe don ya ga wata ta wuce.